Ƙodar da Na Bizne a Gindin Aduwa

Ni ne Alu barunje, wato mahauci, na kasuwar Badagishiri, kuma da hannuna na rubuta wanga. Wanda ya ga baƙi ya karkace ya yi mini uzuri. Rani biyu kaɗai na yi a karatun manya, rabin lokacin kuma ina bayan aji ina sayar wa ƴan'uwana ɗalibai tsire. Mutum guda nake wa rubutun: wanda wata rana za a miƙa wa kwalba a ƙofar ɗakin fiɗa na asibiti, a ce ya kai Yamai.

Shekara arba'in ina fiɗa. Ƙodar rago, ta akuya, ta sa, ta raƙumi, in na ɗora ta a tafin hannu ina iya gaya maka irin ruwan da dabbar ta sha. Da jahilci kaɗai gare ni da na tsira. Jahilcin da ɗan sani a kanshi ne ya kai ni inda ya kai ni.

Mai ciwon babban ɗana ne, ɗan fari, shekarunshi ashirin da bakwai, da mata da ɗiya guda. Kun san ba a kiran sunan ɗan fari. Tun ranar da liman ya raɗa mishi suna ban taɓa faɗinshi ba, ni da uwarshi Hassi duka. Kai nake ce mishi, in ya yi nisa in ce kai wane. Shi kuwa bakina ya gado. Teburinmu guda a layin mahauta, in na ce kai, sai ya waiwaya ya tambayi mutane ko akwai mai suna Kai a kusa, tsoho na nema.

Abin ya fara wajen ƙarshen sanyi, lokacin da ake cire albasa a fadama. Jini ya gani a fitsari. Dariya munka yi, don duk wanda ya yi wanka a tabkin garinmu shina yaro ya san tsargiya. A dispansar, ƙaramin asibitin garinmu, anka ba shi ƙwayoyi, jinin ya ɗauke kwana bakwai, ya dawo da gudaji kamar yankan hanta. Sai ciwon kwiɓi na hagu. Sai rama. Mutumin da ke ɗaukar cinyar sa a kafaɗa guda ya koma sai ya huta tsakanin mayanka da kasuwa.

Kowa ya kawo nashi. Wana Malam Habu, mai makarantar allo a unguwarmu, ya yi rubutu anka sha. Wanzami ya kafa ƙaho har bayan yaron ya zama kamar faifai. Surukarshi ta ce sammu ne na abokan sana'a, har ta ambaci mutum biyu. Ni kuma, don kada a bar ni a baya, na tafi Ƙonni na tsallaka iyaka na sayo kafso mai kala biyu wajen wani mai tebur da ya rantse mini har tsufa shina warkarwa. Na sha biyu a hanya don in gwada. Tsufan na nan.

Wata ranar kasuwa, bayan an watse, ya kama hannuna ya ɗora ƙarƙashin haƙarƙarinshi.

“Baba, taɓa nan. In rago ne, za ka saye shi?”

Hannun mahauci ba ya ƙarya ko da bakinshi na yi. Wani abu na ji, mai tauri kamar ɗanyar goruba, ba ya motsi. Na ce mishi ragon na da kyau, kiwo kawai yake so. Ya dube ni, na dubi wuƙaƙe.

A Ƙonni kwana uku munka yi a layi kafin a duba shi, wanda ya duba shi kuma bai ɗauki lokaci ba, ya rubuta takarda ya ce mu tafi wani asibiti a hanyar Malbaza inda akwai lokotoro, wato likita, mai fiɗa. Na sayar da raguna biyu da na turke don layya. A can sunka shafa mishi wani mai a ciki, sunka goga ƙarfe, hoto ya fito a gilashi. Lokotoron dogo ne, Bature, Hausarshi ta hanci take fita amma ana ganewa. Ya ce ƙodar hagu ta zama gidan wani abu da ya fi ta girma, sai an cire ta. Na tambaye shi ko mutum na rayuwa da guda. Ya ce shina rayuwa. Na ce to ni ma na sha ganin rago mai ƙoda guda kuma da kitse, ya yi murmushi don ladabi.

Da hantsi anka shiga da shi, sai bayan azahar anka fito. Ina zaune a ƙasa bakin ƙofa majo ya zo, wato babban mai jinya, riƙe da kwalba mai murfin murɗawa da wata takarda a ninke. Shina sauri don akwai wata mata a kan tebur. Ya ce sauran abin da anka cire ma'aikata za su bizne a bayan asibiti, wanga yanki kuwa in kai shi Yamai wajen anapat tare da takardar, kada in buɗe, kada in jinkirta. Kafin in tambaya ko wace ce, ya shige. Ni dai Ana Fatu na ji, na ɗauka wata Hajiya ce babba a Yamai.

Na ɗaga kwalbar a rana. Yankin bai kai dunƙulen hannu ba, shina iyo cikin wani ruwa. A gefe guda na gane ƙoda, ja-ja da santsinta. Sauran fari ne mai toka-toka, mai laushi, ya fi kama da ƙwaƙwalwar rago. Ban taɓa ganin irinshi a cikin dabba ba.

Malam Habu ya zo dubiya washegari, na nuna mishi. Ya ɓata rai. Ya ce naman ɗan Adam ba abin yawo da shi a mota ba ne, abin da anka yanke daga jikin musulmi ƙasa ce haƙƙinshi, ga shi ma su masu asibitin sun bizne nasu rabon. Ya ce wa ya san abin da wata mata a Yamai za ta yi da ƙodar mutum. Ba zan ɗora mishi laifin ba, don ni ma abin da nake son ji ke nan. Ban taɓa zuwa Yamai ba, ina tsoronta. Kuma na yi lissafi irin na mayanka: in malamin dabbobi ya ga hanta ta lalace, ya yanke ya yar, sauran naman lafiya lau ake sayarwa. An cire mugun, mi ya rage? Ga yaron rana ta uku shina zaune shina shan kunu, shina ce wa majo a mayar mishi da ƙodarshi ko a biya shi kuɗin kilo.

Na kai kwalbar gida Badagishiri. Na so in fitar da naman in wanke shi kamar yadda ya dace, ina murɗa murfin wani tururi ya buge ni a ido da hanci, hawaye sunka zubo kamar an watsa mini barkono. Na mayar da murfin na ɗaure tamau. Haka na naɗe ta da ƙyallen fari, kwalba da komai, na bizne a bakin maƙabarta, taki bakwai daga gindin wata aduwa. Malam Habu ya yi addu'a. Takardar na jefa cikin akwatin da nake ajiye takardun lanho, wato haraji.

Ranar sallama lokotoro ya tambaye ni ko an kai kwalbar. Na ce an kai. Ban ce ina ba. Har na ji daɗin kaina a hanya, wai na yi wa Bature wayo ba tare da na yi ƙarya ba.

Sati shida munka samu. Ya koma tebur, ya fara cika, damana ta sauka, munka yi shuka. Sai tari. Sai ciwon baya da ke hana shi ruku'u. Sai zazzaɓi da ba ya jin kinin. Gero ya kai gwiwa munka koma asibiti.

Anka ɗauki hoton ƙirji. Lokotoro ya ɗaga shi a taga, ko ni na ga fararen ɗigo a huhu kamar an watsa auduga. Ya ce ya aika wa Yamai wasiƙa har sau biyu shina neman sakamako, sun ce ba su ga kwalba ba. Ya zauna ya yi mini bayani kamar yadda ake yi wa yaro. Ya ce ciwon daji na ƙoda ba iri guda ba ne. Akwai mai jin magani, akwai wanda ba ya ji, kuma maganin kowane daban, dukansu kuma dafi ne da ba a zuba wa mutum a kan zato. A ido duk kamarsu guda, sai an yanka naman siriri an duba a madubin da ke girmama abu. Na huhun kuma ba ya iya kai wuƙa gare shi. Maganarshi da ta zauna mini ita ce wagga:

“Ka ba ni sunan cutar, in san da wa nake faɗa.”

A gaban yaron na faɗi gaskiya. Na ce a bakin maƙabarta na bizne kwalbar. Sai yaron ya fara dariya, dariyar ta zama tari, majo ya riƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce ashe an daɗe da fara kai shi maƙabarta, kashi-kashi kamar naman watanda, shi ne ba a gaya wa ba. Ni kaɗai ban iya dariyar ba, ni da ba a taɓa riga ni ba.

Lokotoro bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Tambaya guda ya yi, ko da kwalbar na bizne ko na juye. Na ce da ita, a rufe, don ruwan ya ci mini ido. Ya ce ruwan nan ne ke hana nama ruɓa, in tafi in tono.

Ƙoramar da ke bayan maƙabarta ta yi ambaliya sau biyu a damanar nan, ta shimfiɗa yashi, ciyawa ta rufe. Aduwa na nan. Taki bakwai na sani, amma ta wace fuska? Kuma takin mutum mai jin daɗin kanshi ba daidai yake da takin mai neman abin da ya ɓatar ba. Yini guda na yi ina haƙa, rami bayan rami, masu zuwa gona suna tsayawa suna kallo. Wani ya tambaya ko barunje ya fara neman nama a ƙasa. Da wata rana ce da na ba shi amsar da zai kai gida.

Rana ta biyu Hassi ta zo. Tun da ta ji abin da na yi, tuwo kawai take turo mini. Mata ba sa shiga maƙabarta, sai ta tsaya daga bakin hanya. Ta ce ranar da munka bizne ta biyo mu daga nesa, la'asar ce, kuma a cikin inuwar itacen ta gan mu durƙushe. Wato gabas. Ina juyawa na ga Malam Habu tafe da hauyarshi, ya naɗe riga. Bai gaishe ni ba, ya fara haƙa kusa da ni. Shekarunshi sun haura saba'in. Hauyarshi ce ta yi ƙara a kan murfin. Ya ɗauko kwalbar da hannu biyu, ya share ƙasar da gefen rawaninshi, ya miƙo mini ya ce in yi sauri.

A hanyar Yamai jandarma sunka tsayar da motarmu, ɗaya ya ga ina rungume da ƙunshi ya ce mi ne ne. Na ce nama. Ya ce na mi. Na ce na ɗana. Kafin in ƙara kalma an sauke ni, mota ta tafi ta bar ni, ga katin shaidata kuma an rubuta mahauci. Na zauna a benci ana kallona kamar maye har babbansu ya dawo daga salla. Shi ya karanta takardar lokotoro, ya dubi ranar da ke kai, ya dube ni. Ya ce tsoho ina ka tsaya wata biyu. Bai jira amsa ba, ya tare wata babbar mota mai albasa ya sa anka ɗauke ni a gaba. Yaranshi sun ci mini rabin yini, shi ya ba ni ruwa da goro. Allah ya saka mishi.

A babban asibitin Yamai na yi ta zagaye ina tambayar gidan Hajiya Ana Fatu. Wani ya tura ni wajen haihuwa, wani wajen masu wanki. Wata mai shara ce ta karɓi takardar ta kai wa wani, ta dawo tana dariya har tana riƙe tsintsiya da hannu biyu. Ashe anapat ba mutum ba ce. Ɗaki ne a can ƙarshen gini inda ake duba naman da anka yanko daga marasa lafiya. Wata biyu ina tsoron ɗaki.

Mace ce dai a ciki, lokotoro, ƴar ƙarama mai tabarau, kuma tana jin Hausa. Ta ga ƙasa a wuyan kwalbar ta tambaya, na gaya mata duka, don na gaji da wayo. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ba ni ne na farko ba, sai dai ni ne na farko da ya tono. Ta ce in dawo bayan kwana goma. Na samu mahauta a kasuwa ina taya su fiɗa don in ci abinci, kullum ina tunanin yaron shina tari a can.

Da na koma ta ce in zo in gani. Yankin da ta ɗauka ya fi fatar albasa siranta, a manne a gilashi, an rine shi. Na sa ido a madubin, da farko girata kawai nake gani. Sai sunka fito. Ƴan ƙwayoyi ƙanana, kewayayyu, shuɗɗa kamar an tsoma su a marina, cunkushe kamar gero a ƙwarya. Nan da can wasu sun yi da'ira sun bar fili a tsakiya, kamar mutane sun kewaye akushi. Wallahi kyau gare su. Na tsaya ina kallon abin da ke cin ɗana, kuma kyau gare shi.

Ta ce a ganinta irin ƙwayoyin da ke zama jijiya da ƙwaƙwalwa ne tun mutum na cikin uwarshi, waɗanga sun tsaya ɗanyu, ba su nuna ba, sai yanzu sunka tashi suna haihuwar junansu a wurin da ba nasu ba. Na tuna ƙwaƙwalwar ragon da na gani a kwalba. Amma ta ce cuta uku ko huɗu ke da wagga fuskar, kuma rinin da ke rarrabe su babu shi a ƙasarmu, sai ta aika Faransa. Wata guda, ko fiye. Na ce mata ni na riga na cinye wata biyu, ko akwai inda ake roƙon a mayar. Ta ɗauki jan alƙalami ta rubuta wani abu babba a kan ambulan, ta ba ni takardar abin da ta gani in kai wa lokotoro kafin nan.

Da wagga takarda lokotoronmu ya fara abin da ya iya. Shekarar da anka karya darajar kuɗin sefa ce, magani ya yi tsada, wani ma sai a Najeriya. Na sayar da lambuna na fadama. Sau biyu anka ɗaura wa yaron ruwan maganin. Gashinshi ya zube, ya yi ta amai, ya ce yanzu ya huta da wanzami. Sati na biyar ƙafafunshi sunka daina ɗaukarshi, abin ya kama ƙashin baya. Lokotoro ya kira ni gefe ya ce in kai shi gida wajen ɗiyarshi, ya ba mu maganin rage zafi.

Ana yankan gero lokacin. Da rana mukan fito da shi ƙarƙashin rumfa don ya ji motsin mutane. Wata la'asar ina kore mishi ƙuda ya buɗe ido.

“Baba, ka je har Yamai neman sunan cuta. Nawa fa, ka san shi kuwa?”

Hassi na daka a gefe, taɓaryar ta tsaya. Na buɗe baki, sunan ya zo har maƙogwaro ya tokare. Shekara ashirin da bakwai ba su ba shi hanya ba. Sai halina ya zo ya cece ni kamar kullum, na ce na manta, amma gobe zan tambayi liman. Ya yi murmushi ya ce to kada in bizne shi a hanya.

Goben da hantsi numfashinshi ya canja. Na san wannan numfashin, sana'ata ce. Malam Habu na mishi kalmar shahada a kunnen dama, ni na durƙusa ta hagu na kira shi da sunanshi, sau uku, da ƙarfi har maƙwabta sunka ji. Idonshi a buɗe yake. Ko ya ji, ban sani ba.

Kwana goma sha biyu bayan nan majo ya aiko a ce takarda ta zo. Na tafi. Baƙaƙe huɗu ne na boko a jere, na kwafe su a bayan katina: P, N, E, T. Lokotoro ya ce a littafi kaɗai ya taɓa ganinta a ƙoda, matasa take kamawa, kuma tana da gudu, ko a ƙasarsu in ta kai huhu ba kasafai ake riƙe ta ba. Na tambaye shi kai tsaye, da na kai kwalbar ranar da anka ba ni, da yaron na nan? Ya ajiye takardar. Ya ce bai sani ba. Na gode mishi da bai yi mini ƙarya ba, kuma har yau ina jin haushinshi da bai yi ba.

To kai da za a miƙa wa kwalba, ga abin da na sani. Jini a fitsarin babban mutum, in an sha maganin tsargiya ya dawo, kada a tsaya wajen mai ƙaho ko mai kafso. Anapat ɗaki ne. Naman da ke ciki ba a wulaƙanta shi, dubawa ake yi, kuma Malam Habu da bakinshi yanzu yake gaya wa mutane cewa ƙasa na iya jira. Ka shiga mota ranar, ko da ba ka taɓa fita garinku ba. In lokotoro ya tambaye ka, kada ka ce an kai.

Yaron yana kwance ba nisa da aduwar nan, ta gabas, inda na riga na sassauta ƙasar. Ɗiyarshi ta shiga aji huɗu bana a lakwal, makarantar boko, ita ke duba mini baƙaƙen da na juya. Jiya ta karanta takardun nan tun daga farko, ta ce Kaka ka rubuta sunan kowa har na cutar, ban ga na babana ba.

Sunanshi Isuhu.